Daga Gammo Zuwa Cushen Kasafi: A Ina Ciko Yake Komawa Ha'inci?

Mutumin Mubi da bai taɓa zama ajin Turanci ba yana iya cin karo da kalmar "pad" sau biyar kafin ya kwanta barci. Bakanike zai ce masa na birkin keke napep ɗinsa ya cinye, sai an sauya. Mai ɗakinsa za ta aiki yarinya kemis ta sayo, a ƙunshe a baƙar leda don kada idon maza ya gani. Tela zai tambaye shi ko a sa masa a kafaɗar kwat. Ɗansa mai buga ƙwallo yana magiyar a saya masa na ƙwauri. In ranar zaɓe ce, a kansa zai dangwala yatsa ya ɗebo tawada. Da daddare kuma ya kunna rediyo, sai ya ji 'yan majalisa a Abuja suna cacar baki a kan "padding", abin da 'yan jaridarmu suka kira cushe ko aringizo a kasafin kuɗi.

A can Ingila, wajen ƙarni na 16, kalmar ba ta wuce damin busasshiyar ciyawa da talaka yake shimfiɗawa ya kwanta ba. Daga nan ta yi ta tsallake-tsallake har ta kai ga allon iPad da kamfanin Apple ya fitar a 2010, da dandalin da roka take tashi a kai. Bahaushe bai tara waɗannan abubuwa a kalma ɗaya ba. Yana da gammo, da akumari, da lifidi, da katifa, da matashi, da ƙunzugu, kuma babu ɗaya a cikinsu da yake zagi. Yana da cushe, da aringizo, da algus, waɗanda duk zargi ne. Ciko kuwa yana tsakiya, ya danganta da bakin da ya faɗe shi. Aikin hannu dai ɗaya ne: a sa wani abu mai araha a cike gurbi. To, a ina wannan aiki yake tashi daga taimako ya koma cuta?

Mu fara da gammo, don shi ne uban tafiya. Tsumma ne ko ganye aka murɗe, ba shi da kuɗi, amma macen da ta sauko daga ƙauyukan gindin duwatsun Mandara da itace ko masara zuwa Kasuwar Kuturu ba za ta fito ba sai da shi. Gammo ba ya rage wa kaya ko gwargwadon ƙwayar gero. Abin da yake yi shi ne ya raba nauyin a faɗin kai, maimakon ya taru a tsakar ka, ya kuma shanye girgizar kowane taku. Wannan aiki biyu, raba nauyi da sassauta bugu, shi ne aikin duk wani ciko na gaskiya, daga akumarin da ke hana bayan jaki yin miki har zuwa abin da ke cikin hular kwano. Shi ya sa Bahaushe da ya so kwatanta wahalar da ta wuce hankali bai tsaya ga ɗaukar Dala ba, sai da ya ƙara da cewa ba gammo. A Tike ma, wato kasuwar shanu, kafin a loda shanu a tirelar da za ta kwana biyu ko uku a hanyar Legas ko Fatakwal, sai an shimfiɗa yashi ko ciyawa a ƙasan motar. Ba don ƙaunar sa ba, don saniyar da ta zame ta karye a hanya asara ce.

Lifidi kuwa ciko ne da aka yi yaƙi da shi ɗaruruwan shekaru. Kundin tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Yadi ne riɓi biyu ake cusa wa audugar rimi a tsakani, a bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru waje ɗaya, a lulluɓe doki da shi daga wuya zuwa gwiwa, mahayin ma ya sa nasa. Amfaninsa babba ne a ƙasar da kibiya take zuwa da dafi, domin kibiyar da ta maƙale a auduga ba ta taɓa jini ba. Baturen Ingila Dixon Denham ya ga abin da dafi yake yi da idonsa a 1823, lokacin da ya bi rundunar Barka Gana, jarumin Shehun Borno, zuwa ƙasar Mandara, suka kai wa Fulani hari aka fatattake su. Balaraben da ya rako shi daga Tarabulus, Bu Khalum, kibiya mai dafi ce ta kashe shi, shi kuma Denham da ƙyar ya sha, tsirara. A littafinsa da ya fito a 1826 akwai zanen wani barden Bagarmi, shi da dokinsa duk a cikin lifidi. Shekara 28 bayan wancan yaƙi, a watan Yunin 1851, Heinrich Barth ya ratsa ta Uba da Mubi a hanyarsa ta zuwa Yola, lokacin doki shi ne ƙarfin sarauta a wannan yanki.

Lifidi yana da nasa aibu. Yana da nauyi, dokin da ya ɗauke shi ba ya sukuwa mai nisa, mahayin da ya faɗo da wuya ya tashi da kansa, ga shi audugar rimi ba ta ga-maciji da wuta. Zuwan bindiga ya mayar da shi kayan hawan salla. Amma abin lura a nan, ba a taɓa ɓoye lifidi ba. Rina shi ake yi ja da fari da shuɗi, don abokin gaba ya hango ya karaya. Wanda ya saye shi ya san auduga ya saya.

Haka katifar da ta riga soso. Ta talaka ciyawa ce a buhu, ta mai hali rimi ko auduga. Zaren rimi yana da rami a ciki, ba shi da nauyi, ba ya shan ruwa da wuri, har Turawa sun daɗe suna cusa shi a rigunan ceto na jiragen ruwa. In katifar ta kwanta, sai a kira mai sana'ar ya farke ta a tsakar gida, ya shanya, ya bubbuge, ya ƙara sabo, ya ɗinke, uwar gida tana zaune tana kallo. Da wuya a cuce ka a kan abin da aka farke a gabanka.

Soso ne ya sauya wannan. Wani masanin sinadarai Bajamushe, Otto Bayer, shi da abokan aikinsa suka gano asalin haɗin a 1937, aka fara sayar da mai laushinsa a shekarun 1950. A Najeriya an kafa kamfanin Vitafoam a 1962, Mouka kuma tushensa a Kano ne, a 1959. Sinadarai biyu ake haɗawa da ruwa, su kumbura su daskare, don haka fiye da kashi 90 cikin 100 na katifar da kake kwana a kai iska ce. Sinadaran daga waje ake shigo da su, shi ya sa tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin katifa yake bin dala sau da ƙafa, uban amarya kuma yake kwana da lissafi.

Ga inda gizo yake saƙa. Mai saye da inci yake auna katifa: takwas, goma, goma sha biyu. 'Yan ganin ɗaki ma tudun gado suke kallo, su koma gida da labari. Amma ƙarkon soso ba a tudunsa yake ba, a cikarsa yake, wato nauyin dunƙulen da ya kai mita ɗaya ta kowace fuska. Wanda bai kai kamar kilo 18 ba, yau da gobe sai ya yi rami a tsakiya, wanda ya kai 25 zuwa 30 shi ne mai jure shekaru. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Da masu saye suka fara wayewa suna ɗaga katifa su ji nauyinta, sai wasu masu haɗawa suka koma zuba garin alli da yawa a cikin haɗin. Nauyi ya samu, kuɗin sinadari ya ragu, katifar kuma ta yi saurin marmashewa. Ciko ke nan a cikin ciko. Kafintan kujerun kushin ma yana da tasa dabarar: soso siriri a sama, kwali da tsumma a ƙasa, yadi mai walƙiya ya rufe asiri. Sai dai kada a yi wa kowa kuɗin goro. Katifa mai tauri da ake sayar wa masu ciwon baya, sau da yawa gutsattsarin soso ne aka matse da gam, kuma tana da ƙarko ƙwarai. Gutsure ba laifi ba ne. Laifin shi ne a sayar maka da shi da sunan wani abu.

Mutanen Mubi sun san darajar katifa fiye da yadda kowa zai gaya musu. Ranar 29 ga Oktoban 2014 da Boko Haram ta shiga garin, dubban mutane a ƙafa suka fita, wasu Kamaru, wasu Maiha da Hong, wasu har Yola, suka kwana a kan siminti a sansanin Damare da Malkohi da harabar majami'ar Saint Theresa. Da sojoji da mafarauta suka ƙwato garin a watan Nuwamba, da yawa sun dawo sun tarar da ɗaki fayau. Duk mai rabon agaji ya san bayan abinci, tabarma da bargo da katifa ake fara tambaya. Ba son jiki ba ne. Tsoho ko mai ciki da ya yi wata a kan siminti lokacin hunturu, jikinsa zai faɗa.

Laushi ma yana da iyaka, kuma gara a faɗa a taƙaice. Jariri ba ya son katifa mai lotsawa ko tarin matasai, domin in fuskarsa ta nutse ba ya iya juyawa. Majinyacin da ba ya motsi, komai kyan katifarsa, in ba a juya shi kamar kowace awa biyu ba, gyambon kwanciya zai fito masa. Soso kuma in ya kama wuta, hayaƙinsa mai guba yana iya kashe mai barci kafin harshen wutar ya iso gare shi, abin da ya kamata masu shiga ɗaki da kaskon garwashi ko maganin sauro na kunnawa su riƙa tunawa.

Wani zai ce to ai magana ta fito: ciko na fili halal ne, na ɓoye haram. Ba ta fito ba tukuna, kuma mata ne za su rushe wannan hukunci. Babu cikon da ake ɓoyewa kamar audugar mata, kuma babu wanda ya fi ta zama dole. Iyayenmu da ƙunzugun tsumma suka yi, a wanke a shanya a ƙuryar ɗaki inda rana ba ta kaiwa, abin da ba shi da kyau ga lafiya. Ta zamani ta samo asali ne daga wata audugar ɗaure rauni da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ma'aikatan jinya mata suka ga ta yi musu wani amfanin, kamfanin Kimberly-Clark ya mayar da ita haja da sunan Kotex a farkon shekarun 1920. Kenya ta cire mata harajin saye tun 2004, Najeriya ta cire wa wadda ake yi a gida a dokar kuɗi da aka sa wa hannu a Janairun 2020, Sikotlan kuma ta yi dokar raba ta kyauta a wannan shekarar. Duk da haka a nan gida tsadarta ta mayar da 'yan mata da yawa ga tsumma, wasu ma su ƙi zuwa makaranta kwanakin. Kunyar da ta hana uba sa ta a cikin cefanen wata, ba ta hana yarinya buƙata ba. Wannan ɓoyon ba ya cutar kowa sai mai ɓoyewar.

Ɗayan cikon na mata kuwa, samari sun riga sun yanke masa hukunci da suka raɗa masa suna acuci-maza. Ba zan tsaya dogon wa'azi a kansa ba, don masu yi sun yi yawa, kuma galibinsu ba sa ambaton wanda ya ari mota da agogo ya je zance. Abin da zan ce kawai, soson da macen da aka cire wa nono saboda ciwon daji take sawa don ta shiga mutane ba tare da an bi ta da ido ba, da wanda aka sa don a ruɗi mai neman aure, a shago ɗaya ake sayar da su. Bambancin yana ga wanda aka nufa da ɓoyon, da abin da zai yanke shawara a kai saboda shi.

Kasuwa ta daɗe da sanin wannan ƙa'ida. Mai awo in ta cika mudu ta ƙara maka da hannu ɗaya, gyara ke nan, a sama, a gabanka, daga nata. Mai kwandon tumatir da ya jera manya a baki ya tura ruɓaɓɓu ƙasa, da mai zuba tsakuwa a buhun wake, da mai yayyafa wa auduga ruwa kafin a ɗora a sikeli, da mai ɗirka wa sa kanwa don ya sha ruwa cikinsa ya tashi ranar kasuwa, waɗannan algus suke yi. Dukansu ƙari ne. Na farko mai sayarwa ne ya biya, sauran mai saye ne ya biya bai sani ba. Hadisin da Imam Muslim ya ruwaito a kan wannan sananne ne: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, mai shi ya ce ruwan sama ne, sai aka tambaye shi dalilin da bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙe ba. Binne shi aka hana.

Da ciko ya hau takarda, sai ya rabu biyu shi ma. Akwai na tsaro: layin da ake ja bayan an rubuta adadin kuɗi a caki, don kada wani ya samu gurbin ƙara sifiri. Ɗaliban kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ko Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi sun san irinsa, inda ake cike saƙo da wasu lambobi marasa ma'ana har ya kai tsawon da tsarin ɓoye sirri yake buƙata, mai karɓa kuma ya san yadda zai zubar da su. Akwai kuma na cika shafi: kundin kammala karatu mai shafi 80 da abin faɗarsa bai wuce goma ba, da fim ɗin da aka ja shi zango-zango da zaman falo, da jawabin da gaisuwar manyan baƙi ta cinye rabinsa. Wannan lokaci yake ci, ba kuɗi ba, shi ya sa ake yafe masa. Wanda ba a yafewa shi ne sunan da ba mutum a bayansa. A Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, ƙarƙashin Kemi Adeosun, ta ce ta cire ma'aikatan bogi 23,846 daga jerin albashi bayan an gwada sunaye da lambar BVN, abin da ya rage naira biliyan 2.29 a kowane wata. Kafin nan, zargin aringizo ya sa an soke ƙidayar 1962, aka soke ta 1973 ma.

A Fabrairun 2016 ɗin ne dai Shugaba Muhammadu Buhari ya gaya wa 'yan Najeriya mazauna Saudiyya cewa ya yi gwamna, ya yi minista, ya yi shugaban ƙasa na soja, amma bai taɓa jin wannan kalma ta cushen kasafi ba sai yanzu. Ya kamata a tuna cewa badaƙalar farko ta wannan shekara ba daga majalisa ta fito ba, daga ma'aikatu ne. Ministan lafiya, Isaac Adewole, ya tsaya gaban kwamitin majalisar dattawa ya ce kasafin da ke gabansu ba shi ne wanda ma'aikatarsa ta miƙa ba, har ya yi maganar ɓeraye. Aka sallami shugaban Ofishin Kasafi. Da aka kai Yuli, sai wutar ta koma Majalisar Wakilai. Abdulmumin Jibrin, mai wakiltar Kiru da Bebeji, da ya rasa kujerar shugaban kwamitin kasafi, ya zargi kakaki Yakubu Dogara da mataimakinsa Yusuf Lasun da Alhassan Ado Doguwa da Leo Ogor da neman keɓe wa kansu naira biliyan 40 daga biliyan 100 na ayyukan mazaɓu. Suka musanta, suka ce ai shi ne ya tula wa mazaɓarsa ayyuka. A Satumba majalisar ta dakatar da shi na kwanakin zama 180.

Shekara takwas bayan nan aka maimaita wasan, wannan karon da Hausa. A Maris ɗin 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya yi hira da sashen Hausa na BBC, inda maganarsa ta tsaya a kan cewa akwai naira tiriliyan 3.7 a cikin kasafin tiriliyan 28.7 da ba a ga ayyukansu ko wurarensu ba. Fadar shugaban ƙasa da shugabannin majalisa suka ce kuɗin na hukumomin da ake ba su kasonsu kai tsaye ne, waɗanda ba a fayyace ayyukansu a babban kundin. Ranar 12 ga Maris aka dakatar da shi wata uku, aka dawo da shi a ƙarshen Mayu. A zaman ranar 12 ga Maris ɗin ne Sanata Jarigbe na Kuros Riba ya tashi ya ce manyan sanatoci sun samu ayyukan naira miliyan 500 kowannensu, zauren ya kaure. Sau biyu ke nan, kuma sau biyun hukuncin da jama'a suka gani a kan mai tonon ya sauka.

Hujjar 'yan majalisa ita ce wadda Dogara ya kafa: babu laifi mai suna cushen kasafi a dokokin Najeriya, kuma sashe na 80 da na 81 na tsarin mulkin 1999 sun sa shugaban ƙasa ya kawo ƙiyasi, majalisa ta amince kafin a taɓa ko kwabo. In ba za ta iya ragewa ko ƙarawa ba, mene ne amfanin kai mata? A nan ina tare da su, kuma duk ɗan Mubi ya kamata ya kasance tare da su. Jami'in da ke zaune a ma'aikata a Abuja bai san inda kogin Yedzaram yake cin gaɓa da damina ba, bai san wace kwalbati ce in ta karye ta raba Gella da kasuwa ba. In wakilin Adamawa ta Arewa bai sa hannu ya shigar da waɗannan ba, ba mai shigarwa. Yankin da ke bakin iyaka, nesa da idon gwamnati, shi ya fi kowa buƙatar wakili mai iya ƙari.

Amma wannan hujja tana kare ƙarin da aka yi a fili ne, da sunan wanda ya kawo shi, da sunan garin da za a yi shi, da kuɗin da ya yi daidai da aikin. Ba ta kare abin da ake ƙorafi a kai ba. Duba siffar ayyukan da ake cusawa: fitilun sola, rijiyoyin burtsatse, rabon babura da kekunan ɗinki, sai uwa uba "horaswa da tallafi", a rubuta sunan shiyya ba sunan unguwa ba. Sannan a ajiye su a hukumar da ba ruwanta da aikin, ka ga cibiyar binciken noma an ba ta kwangilar fitilun titi a jihar da ba ta da ko ofis. Ba kuskure ba ne. An zaɓi aikin da ba ya barin sawu, an kai shi inda ba za a neme shi ba. Hukumar ICPC da ta fara bin diddigin ayyukan mazaɓu a 2019 ta gano kayan da aka saya da kuɗin gwamnati a ajiye a hannun 'yan siyasa, ta kuma sa 'yan kwangila da dama komawa bakin aiki. A taron hukumar na Nuwamban 2019 Buhari ya ce an ware wa ayyukan mazaɓu naira tiriliyan ɗaya cikin shekara goma ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba.

Kuma cushe ba ya shiga sai wani abu ya fita. Lokacin sa hannu a kasafin 2018, Buhari ya ce majalisa ta zabtare naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700, ta shigar da nata guda 6,403 na naira biliyan 578. Cikin waɗanda aka rage wa kuɗi har da tashar lantarki ta Mambila, ƙasar da ita da Mubi suka shigo Najeriya tare a 1961 a ƙarƙashin Lardin Sardauna. A 2025 ƙungiyar BudgIT ta ce ta ƙirga ayyuka 11,122 na naira tiriliyan 6.93 da majalisa ta shigar a kasafin tiriliyan 54.99. Daga tiriliyan 6.06 a 2016 zuwa kusan 55 a 2025, kasafin ya yi tudu, ko da yake faɗuwar naira ce ta hura mafi yawansa. Mu kuwa har yanzu irin 'yan ganin ɗaki muke yi masa, inci muke ƙirgawa, ba ma tambayar cikarsa. Ga shi kasafin gibi ne, don haka wani ɓangare na abin da aka cusa da bashi za a biya shi.

Hukuncina shi ne gardamar ko majalisa tana da ikon ƙari ɓata lokaci ce, tana da shi. Abin da ba ta da shi, ita da ma'aikatun gwamnati, shi ne ikon binne ƙarin a inda mai biyan haraji ba zai gani ba. Maganin bai buƙatar gyaran tsarin mulki: duk layin da aka ƙara a rubuta sunan ɗan majalisar da ya kawo shi, da ƙaramar hukuma da unguwa, a kuma ba hukumar da aikin ya shafa. Wakilin kirki zai yi murna da haka, don zai samu abin nunawa ranar kamfe. Haka ya kamata a nema a majalisar jiha a Yola, da sakatariyar Mubi ta Arewa da ta Kudu, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne kai tsaye.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannunmu. Ofishin Kasafi na Tarayya yana wallafa kundin a intanet kowace shekara, BudgIT tana da shirin Tracka na bin ayyukan mazaɓu, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa duk wanda ya rubuto yana tambaya. Garin da yake da jami'a da kwalejin tarayya ba zai rasa matasa goma masu iya buɗe kundin su nemo kalmar Mubi ba. Su fitar da layukan, su fassara su da Hausa da Fulatanci, su kai wa masu unguwanni da limamai da fastoci da ƙungiyar 'yan Tike, a je wurin da aka rubuta a duba ko aikin yana nan.